Sai Muline Ya Juya: Shekara Tara da Rashin Yaya Badamasi

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Badamasi, kuma har yau ban iya yi masa addu'a ba tare da wani ɗan haushi ya biyo bayanta ba. Na san ba haka aka saba buɗe irin wannan rubutu ba. An saba a ce mamaci mai haƙuri ne, mai zumunci, ko ƙuda bai taɓa kashewa ba. Zumunci kam Yaya yana da shi, ban hana shi abinsa ba. Amma taurin kansa ya wuce misali, kuma wannan taurin kan ne ya sa kabarinsa yake inda yake a yau. Allah ya jiƙansa, ni kuma ya yafe mini haushin nan, don na yi na yi ya ƙi fita.

Ga waɗanda ba su san mu ba, mu 'ya'yan masunta ne daga wani ƙauye a bakin gulbin Rima, ƙasar Sakkwato. Da gora da koma mahaifinmu ya ciyar da mu. Yaya ne ya fara barin gida tun yana saurayi, ya biyo motocin arewa har Arlit, ya samu aikin kanikanci a ramin yuraniyom, yana gyaran manyan injinan da ke kwasar dutse. Ni na biyo shi daga baya, na kafa rumfar gyaran keken ɗinki a kasuwa, kuma ina cikinta har gobe. Ɗan masunci a Arlit shi kansa abin dariya ne. Gari ne da ruwa ke zuwa ta famfo da jarka, in ka ce wa yaron da aka haifa a nan gulbi, sai ya tsaya yana kallon bakinka.

Wata shekara wani Bature ya gama aikinsa zai koma ƙasarsu, ya fito da tarkacensa na sayarwa. Mutane na kokawa a kan firji da rediyo, Yaya ya tsallake su ya ɗauko sandar fatsa da ɗan injinta na naɗe zare, wanda a nan ake kira muline. Abu ne da bai fi cikin tafin hannu biyu ba, yana da kwarkwaro irin na keken ɗinki, da hannun juyawa a gefe. Ka wurga ƙugiya can nesa, ka juya hannun, zaren ya dawo yana naɗewa. Abin da Baturen yake yi da shi a tsakiyar hamada, Allah kaɗai ya sani. Yaya dai ya ce ranar da ya ajiye aiki da shi zai koma gida, ya zauna a bakin gulbi ya kamo giwan ruwa ta hanyar da ƙauyenmu bai taɓa gani ba.

Kafin ranar ta zo, sai ya ce bari ya riƙa gwada hannu. Duk Juma'a bayan la'asar zai saɓa sandarsa ya fita bayan gari, ya ɗaura noti a bakin zaren maimakon ƙugiya, ya wurga cikin rairayi, ya tsaya yana naɗowa sannu a hankali. Abokan aikinsa suka naɗa shi Sarkin Ruwan Arlit. In ya dawo za ka ji ana kiransa daga majalisa, "Sarkin Ruwa, yau me aka kamo?" Shi kuwa ko a jikinsa, sai ya ce, "Yau ba su ci ba, sai wani mako." Na sha jin kunya a madadinsa, na sha yi masa magana, ya ce in je in ji da kekunan matan gari. Shekara da shekaru yana haka, rairayi na bin zaren yana shiga cikin injin, har ya cinye haƙoran wani ɗan ƙarfe da ke ciki, wanda ke karɓar juyin hannu ya miƙa wa kwarkwaron. Makanikai na kiran ɗan ƙarfen nan pinyo. Wata Juma'a ya juya hannun, ya ji kar-kar-kar, zaren bai motsa ba. Muline ya tsaya tun bai taɓa shiga ruwa ba.

Kwanan baya na bi ta filin da yake wannan kamun kifi nasa. Ba komai a wurin sai ledoji da gawarwakin motoci. Ramin da ya yi wa aiki an rufe shi, unguwannin da da suke cike da ma'aikata sun yi tsit, samari kuwa sun kwashe zuwa Cibarakaten neman zinariya, wasu su dawo da babur, wasu a daina jin labarinsu. Da yana nan na san abin da zai ce. Zai ce su ma fatsa suke wurgawa cikin yashi, sai dai su ba wanda ke yi musu dariya.

A shekarar da mulinen ya tsaya ne tari ya kama shi gadan-gadan. Ban zo nan don in yi shari'ar abin da ya cinye masa ƙirji ba. Duk wanda ya zauna a garuruwan nan ya san irin wannan tarin, ya kuma san gidajen da ya shiga. Yaya ya ajiye aiki, ya rame, fitowa daga ɗaki zuwa zaure ta zama sai ya huta a hanya. Likitan da ke duba shi ya ja ni gefe ya ce abin da za su iya sun yi, in muna da gida mu kai shi tun yana iya ɗaukar hanya. Wanda bai san hanyar Arlit zuwa Agadas ba, ba zai gane nauyin wannan magana ba. Hanya ce da ke kwance gaɓoɓin mai lafiya, balle mai numfashi da ƙyar, kuma bayan Agadas akwai Abalak, akwai Tawa, akwai Ƙonni, kafin a fara zancen Sakkwato. Duk kwanan da muka ƙara a Arlit, daga cikin ƙarfin da zai yi tafiyar da shi ake cire shi.

Ni da matarsa Hajo, mutuniyar Tawa, muka zauna gabansa muka faɗa masa. Ya saurare mu har muka gama, sannan ya laluba ƙarƙashin matashinsa ya fito da mulinen.

"Ba ni hawa mota sai wanga ya juya," ya ce.

Hajo ta ce, "Malam, don girman Allah, ƙarhe ne hwa. Can ma akwai masu gyara."

"Can wa yas san shi? Shekara nawa ina hwaɗa ma mutane da shi za ni gida? In tahi da gawar ƙarhe? Ga Auta nan, ya gyara."

Auta ni ne, har furfura ta cika mini gemu bai daina kirana haka ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kawo limamin unguwa ya yi masa nasiha, duk a banza. Wanzami ba ya son jarfa. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana yanke wa injina hukunci ya ƙi yarda a yanke masa nasa. Da na ga ba sarki sai Allah, sai na ce to, a nemo pinyo.

Neman pinyon muline a ƙasar Agadas, wanda ka tambaya sai ya ɗauka zolayarsa kake yi. Da ƙyar na samu wani direban babbar mota da ke zuwa bakin teku, Kwatano, ya ce ya san inda masu kayan su suke. Na kwafe masa suna da lambar da ke jikin injin, na haɗa shi da Allah. Muka zauna jira, makonni suna wucewa, tari yana ƙara zurfi. Ranar da direban ya dawo ya miƙo mini ɗan ƙullin leda. Ɗan ƙarfen tagulla ne sabo fil, bai kai kan ɗan yatsa ba, amma a ranar ji na yi kamar ran Yaya aka damƙa mini.

A gabansa na yi aikin, a kan tabarma, don ya ce mulinen ba zai bar idonsa ba. Na zura sabon pinyo a mazauninsa, ya shiga sumul. Na ɗora murfi, murfi ya ƙi zama. Ɗan gibi ne ya rage, daidai shigar farce. Na ɗaure kusoshin da ƙarfi, murfin ya rufu, amma hannun ya ƙage ko motsi ba ya yi. Na sassauta, hannu ya juya, murfi yana kaɗawa. Sai na bi abin da na sani a sana'ata. Na jera tsohon da sabon, haƙoransu daidai, karkatarsu ɗaya, ramin tsakiya ɗaya. Sabon ya ɗara tsohon tsawo da ɗan kaɗan, amma ta yaya za ka auna da abin da rairayi ya riga ya cinye? Na duba ko na musanya doguwar kusa da gajeriya, ban musanya ba. Na cire babban ƙarfen da pinyon ke cizo, na mayar, ba canji. Na shafa baƙin tukunya a kan pinyon na rufe na buɗe, baƙin ya fito a cikin murfi, alamar kansa ne ke tokarewa. Na tambayi Yaya ko akwai wani abu a ƙasan mazaunin, ya ce shi da kansa ya share wurin. Na leƙa, na ga gindi baƙi sumul. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka ban yi masa musu ba.

A nan ne ɗabi'ar garin nan ta shigo. Mu a Arlit ba mu san mayar da kayan gyara ba. Hanya ta yi nisa, duk abin da mota ta kawo maka, dole ka sa shi ya shiga. In ya yi tsawo a goge, in ya yi sako-sako a naɗa masa gwangwani. Kullum baƙon ƙarfe ne mai laifi, ba wanda ke tuhumar wurin da za a sa shi. Ban raina wannan dabara ba, don da ita motoci da yawa suka fito daga hamada da mutanensu a raye. Na je na samu Agali, maƙeri kuma makanike, mutumin duwatsun Ayar, aminin Yaya tun suna samari. Ya juya pinyon a yatsunsa ya ce, "Wannan ƙarfe ya yi tsawo, malam. Mota ma in piyes, ƙarfen gyara, ya ƙi shiga, muna goge shi kaɗan, ya shiga, mota ya tashi."

Ya biyo ni gida da magagarinsa, ya durƙusa gaban Yaya, ya goge kan pinyon a tsanake, yana gogewa yana hurewa. Yaya na jingine da bango yana kallo. Na ɗora murfi, ya zauna daram. Hajo ta yi hamdala, ta tashi a take ta fara ɗaurin kaya. Na ɗaura wa zaren ɗan nauyi na juya hannun, ya tafi kamar abin kirki, sai kuma na ji kar-kar-kar. Da na buɗe, haƙoran tagullar sun ɓare. Mun rage masa kai, amma haƙoransa suna nan sama da inda ya kamata su zauna, suna kama babban ƙarfen da baki-baki, nauyi na zuwa suka sake. Agali ya yar da magagarin ya dafe kai, yana ta cewa Allah ya sani shi alheri ya nufa. Na san alheri ya nufa, duk mu ukun, ni da shi da Hajo, shi muka nufa.

Yanzu masu gyara sun huta. Ka ɗauki hoton ƙarfe da waya, ka aika, a aiko maka da irinsa, har a nuna maka yadda ake sa shi. Amma ɗabi'ar tana nan yadda take. Ko makon da ya wuce na ga wani ya kama sabon ƙarfen injin niƙa yana shirin gogewa tun bai wanke mazauninsa ba, na daka masa tsawa har mutane suka taru, ya ɗauka taɓin hankali ya same ni. Da Yaya na nan da ya yi masa bayani cikin raha, don shi ya iya koyarwa in ya ga dama. Ni ban iya ba, da na ga magagari a kan sabon ƙarfe sai jikina ya ɗauki zafi.

Jira na biyu shi ne abin da ba na son tunawa. Direban ya sake tafiya da saƙona, ni kuwa na zama ɗan tasha, kowace safiya ina can ina tambayar motocin kudu, har 'yan kamasho suka daina amsa mini. Na gwada sassaƙa pinyo daga ƙarfen tsohon keken ɗinki, bai yi ba. Na ce wa Agali mu ɗauki Yaya da ƙarfi mu sa a mota, Hajo ta ce in muka yi haka da baƙin cikinmu zai cika, ita ba za ta iya ba. Ƙafafunsa suka kumbura. Salla ta koma a zaune, daga baya ta koma a kwance. Kayan da Hajo ta ɗaure ta riƙa kwance su ɗaya bayan ɗaya, yau tukunya, gobe zane, har ɗakin ya koma kamar ba a taɓa shirin tafiya ba. Masu zuwa dubiya su ce mana sannu ba ta hana zuwa. Duk wanda ya faɗa mini haka sai in ji kamar in shaƙe shi, don ina gani da idona tana hanawa.

Pinyo na biyu ya iso. Na zura shi, na ɗora murfi, ga gibin nan dai, daidai shigar farce. Na zauna ina kallonsa, ban san hawaye na zubo mini ba sai da suka ɗiga a kan tabarma. Can sai wani tunani ya zo mini. Ruwa ba ya tsami banza. Ƙarfe biyu, an sayo su a lokuta daban-daban, a ce duka sun yi tsawo iri ɗaya? Ashe laifin yana cikin gidan injin. Na ce wa Yaya ya ba ni mulinen in tafi da shi rumfa, ya ce atafau. Washegari da azahar zazzaɓi ya kwantar da shi, barci ya ɗauke shi, sai ga Hajo ta same ni a zaure da abu a cikin gyalenta.

"Amshi, Auta," ta ce. "Ko ka gyara shi, ko ka jehwa shi inda ba a ƙara ganinai. Ni na gaji da kallon mutum shina mutuwa saboda ƙarhe."

Na kai shi rumfa na yi masa abin da nake yi wa keken da ya daɗe a ajiye. Na kwance shi kaf, na tsoma gidan injin cikin kwanon kananzir, na bar shi ya jiƙa. Kananzir ya yi baƙi ƙirin. Ashe abin da na leƙa na ɗauka gindin ƙarfe ne, tsohon giris ne da zafin Arlit ya gasa tare da rairayi har ya daskare. Na sa tsinin allura ina lalubar ƙasan mazaunin, sai na ji wani abu ya motsa. Na ɗago shi a hankali. Ɗan zobe ne falle guda, siriri kamar ɓawon albasa, irin wanda makanikai ke sawa ƙarƙashin ƙarfe don su ɗaga shi. Shi ne ya tokare sababbin pinyon duka biyun. Na goge shi a gefen rigata, na ga gefensa ba na inji ba ne, yankan almakashi ne, kuma a bayansa akwai ragowar jan fenti na gwangwanin tumatir. Na san hannun da ya yanka shi, don a gaban wannan hannun na koyi riƙe almakashi.

Na mayar da komai ba tare da zoben ba. Murfi ya zauna ba tare da na danna ba, hannu ya juya lami lafiya, ko ƙara babu. Aikin da ya cinye mana watanni bai kai tsawon shan shayi ba. Ban yi murna ba. Na kama hanyar gida da mulinen a hannu ɗaya, zoben a ɗaya. Na same shi ya farka, na ajiye zoben a kan bargonsa.

"Yaya, mi ne ne wanga?"

Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Ka gano shi ke nan."

"Kai kas sa shi?"

"Ni nas sa shi. Tun sadda haƙora sunka hwara cinyewa, don ya ɗaga tsohon ya kama."

"Kuma kana kallo munka goge sabo? Kana kallon Hajo tana ɗaurin kaya tana kwancewa?"

Tari ya sarƙe shi, muka jira ya lafa. Da ya samu numfashi ya ce, "Auta, da ƙahwahuna nab bar gida, na ce masu da abin mamaki zan dawo. Yanzu in koma a ɗauke? Muddin wanga abu bai juya ba, ni mai jiran gyara ne. Ranar da yaj juya, na zama mai zuwa gida mutuwa. Wa ka gaugawar wannan?"

Na yi masa ihu, ban ɓoye ba. Na faɗa masa maganganun da ƙane ba ya faɗa wa wa, Hajo na kuka tana riƙe ni. Da na gaji na tura masa mulinen. Ya ɗauka ya juya hannun, ya kai kunnensa kusa yana saurare, ya sake juyawa. Ya ce, "Aikinka ya yi kyau." Sannan ya dubi Hajo ya ce a nemi mota.

Yadda ya jure hanyar Agadas, Allah ne ya sani. Mun kwana a can, muka kama hanyar kudu, har na fara sa rai. Ba mu kai Abalak ba, da hantsi, kansa na bisa cinyar Hajo, numfashin ya tsaya. Direba ya tsayar da mota kusa da wani zangon makiyaya. Mutanen da ba su san sunanmu ba suka kawo ruwan rijiya a cikin salka, muka yi masa wanka da shi muna tattali, ana zubawa kaɗan-kaɗan don kada ya ƙare kafin a gama. Fasinjoji suka yi sahu muka sallace shi, muka binne shi a gefen hanya. Ɗan masuncin da ya shekara talatin da ɗoriya yana zancen gulbi, ruwan da ya samu ke nan. Ni Musulmi ne, na san ajali ba ya gaba ba ya baya. Amma na san ƙarfin da yake da shi ranar da pinyon farko ya iso, na kuma san wanda ya rage masa ranar da muka tashi, kuma zuciyata ta ƙi daina auna su.

Ni da Hajo muka ƙarasa ƙauye da ta'aziyya a bakinmu. Gulbi na nan cike, yara na wanka a inda muka yi wanka. Mulinen na bar wa wani ɗan ɗan'uwanmu, an ce yana kama tarwaɗa da shi, ban taɓa zuwa na gani ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana, tsofaffin ma'aikatan da suka rage a Arlit da maƙwabciyarta Akokan ne. Ku je majalisarsu da la'asar ku ji. Wannan yana jiran takardun sallama su kammala, wancan sai ya aurar da ɗan autansa, wani sai ya samu mai sayen gidansa da daraja, kuma rabinsu magana ɗaya tari biyu. Kowannensu yana da abin da ya ce sai ya juya. Ku 'ya'yansu da ƙannensu, ina roƙonku don Allah, kada ku ɓata watanni kuna gyaran abin da suka nuna muku. Ku zauna kusa da su ku tambaye su abin da suke tsoro, tun suna iya hawa mota da ƙafafunsu. Da na yi wa Yaya wannan tambaya da wuri, ban sani ba ko da ya amsa, amma da na fi samun abin riƙewa a yau.

In aka ce me ya rage na Badamasi, ba shi da yawa. Waɗanda suka naɗa shi Sarkin Ruwa, wasu sun bi shi, wasu sun watse. Agali ya koma garkarsa, lambunsa na cikin duwatsu. Kabarin Yaya na nema a wata tafiya ban gane wurin ba, zangon ya tashi, ƙasa duk iri ɗaya. Ya bar mini wanke mazauni kafin in tuhumi baƙon ƙarfe, kuma ina cin abinci da wannan. Ya bar mini haushinsa. Ya kuma bar mini wani abu da ban so ba, wato na fara gane shi. An ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, amma ni ga shi na gani da idona, na binne da hannuna, kuma ina nan a Arlit. Allah ya gafarta masa, ya sanyaya makwancinsa, ya shayar da shi daga ruwan da ba ya ƙarewa.

Shekaranjiya 'yata Rabi, da ke aure a Sakkwato, ta kira ni a waya. Na yi ƙoƙarin danne tarin, amma ta ji. Ta ce, "Baba, yaushe za ka taho gida?" Na ce akwai kekunan mutane a rumfa, da na gama da su zan taho. Sai ta ce, "Haka Baba Badamasi ya ce." Na kashe wayar na juya na dubi kekunan da ke jere a bayana. Babu ko ɗaya a cikinsu da ban san abin da ke damunsa ba.